Hirar Nasani da Mai Jita

Nasani mai wankin mota ne, kuma ba sunan yanka ba ne wannan. Ya same shi ne saboda ba a taɓa fara magana a gabansa an kai ƙarshenta ba. Ka ce masa an yi ruwa a wani gari, sai ya ce ya sani. Ka ce masa matarka ta haihu, kafin ka faɗi mace ko namiji ya ce ai ya sani. Wurin sana'arsa fili ne mai daɓen siminti a bakin titi, da tankin ruwa, da rumfar kwano, da benci guda na masu jiran mota. Gefensa kuma rumfar Mai Faci ce, maƙwabcinsa, mutum mai jiki da sanyin hali, wanda ya daɗe da ƙwarewa wajen cewa "haka ne" ba tare da ya saurara ba.

Bayan muryar kansa, abin da Nasani ya fi so a duniya shi ne wani guruf na waya mai suna Masu Kunne. Masoyan wani mawaƙi ne da ake kira Mai Jita, wanda ba shi da kamfani, ba shi da ubangida, ba a kuma sa shi a rediyo. A ɗakinsa yake rera waƙa da jita ɗaya, ya ɗora a intanet, ya yi shiru abinsa. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, don hoton da ke shafinsa na wata kujerar roba ce. Masoyan nasa duka ba su cika motar haya biyu ba, amma in suka kaure da musu a guruf sai ka ɗauka filin ƙwallo ne.

Suna da 'yar mujallarsu ma. Wata ungozoma ce ta ƙirƙiro ta. Takan tattara abin da 'yan guruf suka rubuta, ta shirya shi a lokacin da ɗakin haihuwa ya yi tsit, ta kai a yi fotokwafi, wani ɗan guruf da ake kira Tela kuma ya ɗinke tsakiyar da kekensa. Falle huɗu ce, baƙi da fari, amma akwai direban babbar mota da ke ajiye tasa a aljihun gaba har ta yi laushi kamar tsumma.

Babban musun da ya ƙi ƙarewa a kan wata waƙa ce, "Kin Fita Ba Sallama". A ciki Mai Jita yana cewa: "Na zuba miki a kwano, ya huce ba ki zo ba. Gurbinki na kan kujera, ban bar kowa ya zauna ba." Tela ya ce da mahaifiya ake, don shi duk sanda ya ji sai ya tuna tasa da ta rasu, ya tsayar da keke. Wani kuma, Malamin Lissafi, ya ce ƙuruciya ce aka siffanta da mace. Sauran suka ce budurwa ce kawai, a daina wahalar da kai.

Ana nan sai asibiti ya tura Ungozoma kwas wani gari. Ta rubuto a guruf cewa fitowa ta gaba sai dai a yi haƙuri, sai in akwai wanda zai riƙe.

Nasani ya jefar da soso a bokiti, ya goge hannu a wando, ya danna saƙon murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Anti ta yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma falle huɗu ai ba mujalla ba ce, takardar magani ce. Ni zan fitar muku da shafi arba'in. Kuma zan kawo muku hira da Mai Jita da kansa, baki da baki, ya faɗa mana da wa yake, kowa ya huta."

Malamin Lissafi ya rubuto: "A ina za ka gan shi?"

"Malam, benci ɗaya muka zauna da shi a makaranta. Ni na fara ce masa muryarsa za ta yi waƙa."

"Shekara nawa muna musu, ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ba na son cika baki ne."

Guruf ya ɗauki sowa. Tela ya turo hoton hannu ana addu'a. Ungozoma ta ce Allah ya taimaka, amma don Allah a bar Tela ya yi ɗinkin. Nasani ya ce ɗinki ai na riga ne, shi da fasahar zamani zai zo.

Da ya koma gida ya zauna a tsakar gida ya aika wa shafin Mai Jita saƙo. Ya fara da "Ranka ya daɗe", shiru. Washegari ya koma "Abokina", shiru. Da aka kwana biyu ya rubuta "Kai, wai ba ka ganin saƙo ne?" Shi ma shiru.

Matarsa na shanya kayan yara tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Baban yara, abokin benci ne ya ƙi amsawa?"

"Yana cikin aiki ne. Haka yake tun muna yara, in ya sa abu a gaba ko uwarsa ba ya ji."

"To, yaya sunansa na gaskiya?"

"Ke, sirrin mutane kike so in tona?"

"Ni dai na san baki shi ke yanka wuya," ta ce, ta yarfe zani.

Da saƙo ya ƙi, sai Nasani ya ce zai gano gidan da kunnensa. Ya sa waƙoƙin ya yi ta saurare, ya ce yana jin carar zakara a bayan ɗaya, da ƙarar injin niƙa a bayan wata. Ya bar wa Mai Faci jiran fili, ya shiga unguwanni yana neman inda zakara da injin niƙa suka haɗu. Ashe kusan kowane lungu haka yake. Rana ta take, ƙafa ta yi nauyi, sai can ya ji wani sauti daga wani zaure: tun, tun, tunnn. Tsirkiya ce ake kaɗawa, ba shakka.

Ya gyara hula, ya faɗa ciki yana cewa, "Na kama ka! Ai ka san ba ka ɓuya mini!"

Wani tsoho ne zaune a tsakiyar tulin auduga, yana shiɓarta da baka zai cusa a katifa. Tsoho ya firgita ya saki bakan, audugar ta tashi sama ta sauko a kan Nasani.

"Ɗana, me na yi da za a kama ni?"

"Baba, yi haƙuri. Kai ne kake waƙa?"

"In aiki ya yi daɗi nakan ɗan taɓa. Katifa kake so ko matashi?"

Nasani ya dawo fili fari fat tun daga hula har takalmi. Mai Faci ya ɗago kai daga kan taya ya dube shi.

"Maƙwabci, tsufa ne ya zo maka rana ɗaya?"

"Bar wannan. Tashi, Allah ya kashe ya ba ka. Yau za ka zama mawaƙi."

Ya je wurin mai ɗaukar hoto ya aro jitar da ake riƙewa a yi hoto da ita, ja ce mai ƙyalli, tsirkiya biyu suka rage mata. Ya zaunar da Mai Faci a kan kujerar roba a bayan tanki.

"Juya baya."

"Haba, in zan shiga mujalla ai gara a ga fuskata. Inna za ta ji daɗi."

"Mai Jita ba ya nuna fuska. Juya. Kuma ba haka ake riƙe ta ba, ba taya ba ce."

"To wai ba zamba ba ce wannan?"

"Zamba kuma? Misali ne. Da ya amsa saƙona ai haka zai zauna."

"Haka ne," in ji Mai Faci, ya juya baya. Nasani ya ɗauki hoto, ya duba haske, ya duba jita, ya ce ya yi. Rigar aikin da ke jikin maƙwabcinsa kuwa ko kallonta bai yi ba.

Saura hira. Tambayoyi ba su ba shi wahala ba, don duk sun fara ne da "Kamar yadda na daɗe ina faɗa maka". Amsoshi ma suka zo da sauƙi, yawancinsu Mai Jita yana cewa, "Gaskiyarka, Nasani." Amma da aka zo kan babbar tambaya sai alƙalami ya tsaya. Dole a samo budurwa, a yi mata kama, a yi mata gida. Ya ciji biro, ya dubi rufin rumfa, bai ga kowa ba. Can sai wata fuska ta faɗo masa daga shekarun baya, hannu ya kama gudu. Ya rubuta wushirya, ya rubuta ɗan tabo a haɓa, ya rubuta gidan da ke kallon famfon unguwa, da yadda takan ce "sai ka yi" in an yi mata alkawari. Da ya karanta sai da idonsa ya yi ƙwalla, ya ce lallai shi marubuci ne.

Shafi arba'in dai ba su samu ba. Ya tattara rubutun 'yan guruf, ya ƙara da hirar, ya ƙara da hotonsa guda uku, aka tashi da sha biyu. Mai fotokwafi ya tambaye shi ko a maƙale masa su da fil.

"Fil? Ka taɓa ganin babbar mujalla da fil? Gam ake sawa."

Ya ɗebo gam ɗin faci a rumfar maƙwabcinsa, ya shafa wa kowace a gindi da yalwa, ya jera su, ya ɗora tsohuwar taya a kai don su kama da kyau.

Ranar ƙaddamarwa ya wanke filin tas, ya jera kujerun haya, ya sa babbar riga. Wannan ne karo na farko da yawancin Masu Kunne za su ga juna ido da ido. Tela ya zo, ashe ɗan siriri ne mai gilashi, alhali a guruf muryarsa kamar ta mai gemu har ƙirji. Malamin Lissafi ya zo da jakarsa a hammata. Aka yi ta rungumar juna ana cewa, "Au, kai ne mai dogon rubutun nan?" Aka jingina waya a kan tanki don Ungozoma da direba da sauran na nesa su kalla kai tsaye. Matar Nasani ta zo da yara ta zauna a gaba. Mai Faci ya sa farar riga ya zauna a can baya kamar bai san komai ba.

Nasani ya yi jawabi har inuwar rumfa ta matsa. Sannan ya ɗage taya, ya ce a raba.

Mujallun suka taso gaba ɗaya kamar bulo.

Aka sa hannu, aka sa wuƙa, aka sa sukundireba. Da ƙyar aka ɓamɓare su, wasu da bango, wasu bangon ya tafi da na maƙwabciya. Warin gam ya cika rumfa har wata baiwar Allah ta fara fifita da mayafi.

"Tawa shafi biyu ne kawai ke buɗuwa," in ji Tela. "Duka biyun kuma hotonka ne."

"Sabon salo ne. A hankali take buɗuwa, don kada a karance ta rana ɗaya."

Malamin Lissafi ya yi sa'a tasa ta buɗe daidai kan hoton Mai Jita. Ya ɗaga ta sama, ya matso da ita kusa da ido.

"Wannan jitar tsirkiya biyu gare ta."

"Gwani ai ko ɗaya ta ishe shi."

"Kuma a juye ya riƙe ta."

"Bahago ne."

"Waɗannan yatsun kuwa," in ji Tela yana leƙowa, "in suka danna tsirkiya ɗaya sai sun haɗa da ta kusa."

"Ya ɗan yi ƙiba ne. Hutu ne ya karɓe shi."

Malam ya ƙara ƙura ido. "To, mene ne wannan rubutun a bayan rigarsa? Kamar lambar waya nake gani."

Wuri ya ruɗe. Lambar Mai Jita! Shekara da shekaru ana neman ko tarinsa a ji, ga lamba a fili. Nasani ya miƙa hannu zai karɓe mujallar yana cewa kada a dame shi, yana hutawa, amma Malamin Lissafi ya riga ya danna. Ya sa a lasifika. Kowa ya matso kusa.

Daga can kujerar baya waya ta fara ruri.

Mai Faci ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Wayar ta ci gaba. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa ƙin ɗaukar kiran mai taya ba. Ya zaro ta ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, faci ne ko iska?"

Muryarsa ta fito ta bayan taro, ta kuma fito ta wayar Malam. Dariya ta ɓarke har wani ya zame daga kujera. Ta cikin wayar da ke kan tanki ana jiyo Ungozoma tana cewa, "Wayyo cikina!"

"Ku tsaya!" in ji Nasani. "Hoton ne kawai misali. Ya ce kada a ɗauke shi. Amma hirar, wallahi daga zuciya ta fito."

"Daga zuciya kam ta fito," in ji matarsa.

Tun ɗazu ba ta yi dariya ba. Ta sa farce ta raba shafukan tata a hankali, tana karatu. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta karanta da ƙarfi yadda na baya za su ji.

"'Tana da wushirya, da ɗan tabo a haɓa. Gidansu na kallon famfo. In na yi mata alkawari sai ta ce, sai ka yi.'" Ta sauke takardar. "Baban yara, Mai Jita ma ya nemi 'yar gidan mai niƙa ne?"

"Wace... ai masu wushirya suna da yawa."

"Da tabon? Ni na yi mata tabon nan, muna yara, wajen rigimar layin famfo. Ita ce ta ce maka sai ka yi, ka kasa yi, ka zo ƙofar gidanmu kana cewa ni ce ta farko. Ashe da tsohuwar zuma ake magani."

Mata suka ɗauki guɗa. Nasani ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Gumi ya jiƙa wuyan babbar riga.

Ana cikin haka sai wayoyi suka yi ƙara kusan lokaci ɗaya. Wani ne ya yi rubutu a guruf, wata lamba da ta daɗe a ciki ba ta taɓa cewa uffan ba, har an ɗauka mai ita ya yar da layin. Saƙon murya ne. Malamin Lissafi ya danna. Aka ji an kaɗa jita sau ɗaya, irin kaɗawar da kowa a wurin zai gane ko cikin barci, sannan murya ta biyo.

"Salamu alaikum, Masu Kunne. Ni ne. Ina cikinku tun farko, kunya ce ta hana ni magana. Duk fitowar mujallarku ina da ita, Anti na ɗora hoton shafukan a guruf ina karantawa. Sau biyu na yi niyyar sayar da jitar nan, sai in ga kuna faɗa a kan baiti ɗaya har kwana uku, in fasa. Malam Nasani, ban yi makaranta da kai ba, amma na gode da ƙauna. Ita kuma waƙar, ku yi haƙuri, magena ce ta ɓata."

Kowa ya zuba wa wayar Malam ido. Har motar da ta tsaya a bakin fili tana hon ba wanda ya kula ta.

Tela ne ya fara magana. Ya cire gilashi ya goge.

"Ƙarya ne."

"Kai, mai waƙar ne fa ya faɗa," in ji wani.

"To sai me? Shi rerawa ya yi, ni na saurara. Ni zan zauna in yi wa mage kuka? Da mahaifiya ake, ko ya sani ko bai sani ba."

"Ai magen ita ce ƙuruciyar," in ji Malamin Lissafi, ido na ƙyalli. "Wa ya taɓa ganin ƙuruciya ta yi sallama? Maganata ta fito!"

"In mage ce, me ya sa ya ce ya huce? Ana ba mage abu da zafi ne?" in ji wata daga masu cewa budurwa ce.

Nan take aka juya kujeru, aka kasu gida uku, har da na huɗu sabo, 'yan mage. Tela ya danna saƙon murya yana yi wa Mai Jita bayanin waƙarsa dalla-dalla. Mai Jita ya rubuto cewa wallahi mage ce, fara mai baƙin kunne. Direba ya amsa masa daga inda yake: "Ranka ya daɗe, da girmanka, amma ba ka fahimci waƙar ba." Ungozoma ta ce kowa ya rubuta nasa, fitowa ta gaba duk a kan wannan ne, kuma Tela ne zai ɗinka. Mutane suka fara cusa mujallun da suka manne a jaka, wai abin tarihi ne.

Nasani ya ga hankali ya bar kansa, sai ƙarfinsa ya dawo. Ya hau kan benci.

"Jama'a! Wa ya fito muku da shi? Na ce zan sa ya yi magana ko ban ce ba? Duk dabara ce. Da gangan na sa rigar nan a hoto."

"Haka ne," in ji Mai Faci. "Gam ɗina fa, shi ma dabara ce?"

Ba wanda ya saurare su, musu ya yi daɗi.

Da yamma aka watse. Nasani na harhaɗa kujeru, matarsa na zaune a kan benci da wayarsa a kunne, yara na wasa da ruwan tanki. Ta saurari waƙar har ƙarshe, ta sake sawa. Shi kuwa yana ta kewaya ta da kujera a ka, yana neman ta inda zai ɓullo.

"Maman yara, batun tabon nan, ai kin san marubuci..."

"Sa ni a guruf ɗin nan naku."

"Ke? Me za ki ce a ciki?"

"Duk ba su gane ba, har shi mai magen. Waƙar matar aure ce. Mijinta ya cika ta da surutu, kullum shi ya sani, shi ya iya. Ta yi haƙuri, ta yi haƙuri. Rannan ya dawo da labari a baki, ya tarar da kujera ba kowa." Ta miƙa masa wayar. "Ko kana da wata fassarar?"

Nasani ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ya dubi mayafin da ta riga ta yafa a kafaɗa. Ya sauke kujerar da ke kansa a hankali, ya goge ta da hannun babbar riga, ya ajiye mata.

"Faɗo lambar taki," ya ce.